Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Amsa Kan Taswira da Shirin Ko-ta-kwana a Legas

"Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa a wajen Mile 12, yawancinmu 'yan albasa ne da tumatir da masu dako. Kusan duk shekara ruwa na shigo mana unguwa. Bara kuma wuta ta kama wasu rumfuna da daddare, muka kira aka ɗauka, amma an daɗe ana kwatance kafin a gane wurin. Ɗana da ke makaranta ya ce yanzu akwai taswira a waya da ke maganin irin wannan. Wasu dattawanmu kuma sun ce kada a kuskura, wanda ya zana unguwarsa ya miƙa wa hukuma, shi ya kira katafila da kansa. Don Allah mene ne gaskiyar abin, kuma ta ina za mu fara?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya mayar da alheri bisa asarar da aka yi, ya tsare gaba.

In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya. Shin taswira tana da wani amfani na gaske ranar da ruwa ya shigo ko wuta ta tashi? In kuma tana da shi, ba za ta juyo ta cuce ku ba? Ɗanka yana da gaskiya, dattawan ma ba maganar banza suka yi ba. Sai dai taswirar da ke cikin wayarsa a yau ba ta san lungunanku ba, don ba wanda ya taɓa gaya mata. Wadda za ta amfane ku ita ce wadda za ku yi da kanku, da sunayen da kuke kiran wuraren, kuma ku yi ta tun ana zaune lafiya.

Aikina safiyo ne da zanen taswira. Na fara shi a Arewa a shekarun da aka duƙufa kan kawar da shan-inna. A da, masu rigakafi da taswirar da aka zana da hannu suke fita. Daga baya aka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam, aka ba tawagogi wayoyi masu GPS da ke nuna duk inda suka taka. Da aka ɗora sawunsu a kan hoton, sai ga rugage da ƙananan ƙauyuka da ba sa cikin takardar kowa, an sha tsallake su ba tare da an sani ba. A 2020 aka ayyana cewa Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Abin da na fito da shi daga wannan aiki shi ne, wurin da ba ya cikin taswira taimako yakan wuce shi, ko da babu mai nufin hakan. Da na dawo Ikko sai na tarar da irin waɗannan rugagen a tsakiyar birni: bayan kasuwanni, gefen layin dogo a Agege, ƙarƙashin gada a Ijora, da bakin ruwa.

Darasin Oke-Afa

Duk wanda ya daɗe a Legas yana tuna ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, da ma'ajiyar makamai ta barikin soja na Ikeja ta kama da wuta, bama-bamai suka yi ta tashi. Mutum sama da 1,000 suka rasu, kuma da yawansu ba bam ne ya kashe su ba. Gudu suka yi a firgice, suka nufi wajen Oke-Afa, suka auka cikin wata babbar magudanar ruwa da kainuwa ta lulluɓe samanta har ta yi kama da fili mai ciyawa. Na baya na turo na gaba. Akwai yara masu yawa a cikinsu. Allah ya jiƙan musulmin ciki.

Ina kawo wannan ne don a gane me ake nema da taswira tun farko. Mutum in ya firgita ba ya tsayawa lissafi, ƙafarsa ce ke bin hanyar da ta riga ta sani. In ba ta san kowace ba, sai ta bi jama'a. To ku dubi mutanenku. Direban da ya sauke albasa daga Aliero jiya da dare ya kwanta a gindin motarsa, yaron motarsa, 'yan ci-ranin da suka zo wata biyu da suka wuce, wa a cikinsu ya san cewa bayan wancan layin fadama ce? Kasuwarku kullum cike take da baƙi, kuma su ne suka fi kowa shiga haɗari.

Ruwanku ba iri ɗaya ba ne

Kafin a zana komai, a tantance wane ruwa ake magana. Akwai ruwan sama na Yuni da Yuli, mai sauka kamar da bakin ƙwarya. Ya tarar da kwata ta toshe da leda da ruɓaɓɓen kaya, sai ya tsaya. Irin wannan yakan janye cikin sa'o'i, sai fa in ya dace da lokacin da teku ya cika, tafkin Legas ya tumbatsa. A lokacin magudanan ba su da inda za su juye abin da suka ɗauko, ruwan ya ja da baya ya zauna a kan titi har sai teku ya sauka.

Akwai kuma wanda ya fi ruɗa baƙo, wato ruwan da ke zuwa rana tsaka babu ko hadari. Wannan na Kogin Ogun ne. Can sama, kusa da Abeokuta, akwai madatsar ruwa ta Oyan. In ta cika wajen Satumba da Oktoba, hukumar da ke kula da kogunan Ogun da Osun tana buɗe ƙofofinta a rage ruwan, kuma dole ne a rage, mun ga abin da ɓallewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024. Ruwan da aka saki ya haɗu da na damina ya gangaro ta Isheri, Kara, Agiliti, Owode, Ajegunle ta hanyar Ikorodu, da bayan Mile 12. Shi ba ya janyewa da yamma, makonni yake yi.

Kowane ɗaya da nasa zanen. Layin da ruwan sama ke cikawa ba lallai ba ne shi ne wanda ruwan dam ke fara ci. Na farko yana bin inda kwata ta toshe, na biyu yana bin gangaren ƙasa daga bakin kogi. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya, gwamnatin jiha kuma takan yi gargaɗi in za a saki ruwan Oyan. Ku riƙa bibiya, suna da amfani. Amma hasashen zai ce muku ƙaramar hukumar Kosofe ne, ko ya ambaci sunan unguwa. Ba zai ce rumfar wane ce ruwa zai fara shiga ba, ko ta wane lungu za a fitar da buhuna. Wannan giɓin ku kaɗai za ku iya cike shi.

Bari in ba ka labarin kuskuren da na taɓa yi. Wata ƙungiya a wata unguwa ta bakin ruwa ta nemi in zana musu hanyoyin fita. Na yi aikin cikin rani, ƙasa a bushe ƙamas. Na auna, na duba hoton sama, na ja jan layi ta wata hanya mai faɗi da ta ɓulla babban titi. Na buga a babbar takarda, aka shimfiɗa ta a tabarmar masallaci bayan la'asar. Wani tsoho mai tura kurar ruwa ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a nuna masa inda masallacin yake a jikin takardar. Aka nuna masa. Ya ɗora yatsa ya bi jan layin a hankali, ya tsaya a wani wuri, ya ce, "Malam, nan in kaka ta yi ko kurata ba ta wucewa." Ya tashi ya kai ni wurin. Ga bangon wani shago, ga zanen da ruwa ya bari baƙi-baƙi, ya wuce ƙuguna. Hanyar da na zaɓa musu ita ce ta fi kowace zurfi. Da an bi takardata ranar ambaliya, da mata da yara na tura cikin ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun ranar ban ƙara ja wa mutane layi ba sai na zagaya da masu ruwa da masu dako, kuma sai na koma wurin da damina.

Bangwayen unguwarku littafi ne da ruwa ya riga ya rubuta. Ku bi su da fenti, ku ja layi a inda ruwa ya tsaya, ku rubuta shekarar in an tuna ta, ku ɗauki lambar wurin ta GPS da waya. In kuka tara irin wannan a wurare 30 ko 40, kun sami abin da hoton tauraro ba zai nuna ba. Ku kuma kafa sanda mai alama a wurin da ruwan kogi ke fara ɓullowa, ku yi ittifaƙi cewa in ya kai alama ta farko a ɗaga kaya, in ya kai ta biyu a fitar da tsofaffi da yara.

Maganar kwatance

Abin da ya same ku bara ba baƙon abu ba ne. Lambobin gaggawa a Legas su ne 112 da 767, kyauta ne, kuma ta nan ake isa ga hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar, wato LASEMA, da 'yan kwana-kwana da motar asibiti. Matsalar ita ce mai kira yana cewa "bayan masallacin 'yan albasa", wanda ya ɗauka kuma bai taɓa jin sunan ba, ga bambancin harshe, ga ihu a bayan waya. Kowane minti da aka ɓata a nan, wuta tana cin rumfa.

Waya tana taimakawa. GPS ba ya buƙatar data, daga tauraro yake karɓar sigina kai tsaye, taswirar ce kawai ke son data in ba a sauke ta tun da wuri ba. In ka buɗe Google Maps ka taɓa shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake, za ka ga wata gajeriyar lamba mai alamar tarawa a tsakiya, ana kiranta Plus Code. In ka danne yatsa a kan wuri kuma, lambobi biyu za su fito. A yawancin Legas ta farko da 6 take farawa, ta biyu da 3, in ka ga wani abu daban ka sake dubawa. WhatsApp ma yana tura lokeshan. Amma a kula, a ƙarƙashin rufin kwano ko tsakanin dogayen gine-gine ɗigon yakan kauce da mita masu yawa, har ya jefa ka wani layin. A fito fili, a jira da'irar da ke kewaye da ɗigon ta tsuke.

Duk da haka, ban yarda a dogara da wannan ranar tashin hankali ba. Mutumin da rumfarsa ke ci da wuta ba zai tsaya karanta lambobi goma da Turanci ba. Abin da na ga yana aiki shi ne a keɓe mahaɗa biyu ko uku a bakin babban titi, wuraren da kowa ya sani da suna ɗaya, Bahaushe da Bayarabe da direban mota: tashar bas, gidan mai, ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙafa. A rubuta sunan kowace da lambarta da jimlar da za a faɗa a waya, a liƙa a ofishin ƙungiya da masallaci da wajen masu gadi. Mai kira ya faɗi mahaɗar, wani ya ruga ya tsaya a can da tocila, in mota ta iso ya shige gaba.

Daga mahaɗar zuwa ciki nan ne taswira ke da babban aiki, don motar kashe gobara ba Keke Napep ba ce. Ina ne iyakar inda za ta iya shiga? Wane layi ne tireloli ke toshewa da dare? Ina wayar wuta ta yi ƙasa? Ta wane hannu na titin Ikorodu ya kamata ta ɓullo, don in ta wuce kwanar sai ta yi nisa kafin ta juyo? Sai kuma abin da aka fi mantawa, wato get. Layuka da yawa a Legas ana kulle su da dare. A sa kowane get a taswira, da sunan wanda ke riƙe da mabuɗi da lambarsa a kwafin da za ku riƙe a hannunku ku kaɗai. Alhamdu lillahi, da yawa daga masu gadin 'yan'uwanmu ne, magana ɗaya ta isa. A sa rijiyoyin burtsatse da manyan tankuna inda za a iya ƙara ruwa. A sa taransifoma, shagunan cika tukunyar gas, inda ake ajiye fetur na janareta, da bututun mai in ya ratsa ta kusa. Fashewar da ta auku a unguwar Abule Ado a nan Legas ranar 15 ga Maris 2020 ta isa ta nuna abin da zama kusa da bututu ke jawowa.

Ta ina za ku fara

Da takarda, ba da waya ba. A buga hoton unguwar na tauraro a babbar takarda, a zauna da mutane rukuni-rukuni. Masu dako da masu ruwa sun san ƙasa da ƙafarsu, 'yan okada sun san gajerun hanyoyi, masu gadi sun san dare. Kada a manta mata masu abinci, su ke kwana da wuta kuma su suka san inda yara ke taruwa. Sai bayan nan matasa irin ɗanka su fita da waya su ɗauko lambar kowane wuri. Akwai manhaja ta kyauta mai suna KoboToolbox, tana aiki ko babu intanet, in an dawo a tura.

Abubuwan da ba sirri ba ne, kamar layuka da sunayensu, gadoji da famfuna, ana iya sa su a OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya ƙara mata bayani. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010, 'yan sa-kai ne suka zana babban birnin ƙasar a kanta cikin 'yan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da ita. A nan gida ma, a 2019 ƙungiyar Code for Africa ta yi aiki da matasan Makoko, unguwar da ke kan ruwa a Legas, suka shiga kwale-kwale da wayoyi suka zana unguwarsu.

In an gama, a buga a sa a leda mai kauri, don ranar ambaliya wuta ake fara ɗaukewa, waya ta mutu. Ku rubuta kowane wuri da sunan da kuke kiransa da kuma wanda maƙwabtanku Yarabawa da Ibo ke kiransa, ku sa su cikin aikin tun daga farko, layi ɗaya kuke kwana. Sannan ku ɗauki kwafi, tare da wakilin Sarkin Hausawa da shugabannin unguwa, ku kai tashar kwana-kwana mafi kusa da ofishin ƙaramar hukuma. Ku gayyace su su zo su taka wurin da rana. Direban da ya taɓa shiga layinku sau ɗaya ya fi wanda aka tura wa lokeshan sau goma.

Tsoron dattawa

Ba zan raina wannan tsoro ba. An rushe wani ɓangare na Makoko a 2012, an tashi mutanen Otodo Gbame, wata unguwar bakin ruwa, a 2016 da 2017. Wanda ya ga haka yana da dalilin ɗari-ɗari da duk mai riƙe da takarda da abin awo. Ra'ayina shi ne, rufin rumfunanku ba a ɓoye yake ba, duk mai waya yana ganinsa daga sama, balle hukuma. Ƙin yin taswira ba ya ɓoye ku daga katafila, daga motar ceto kawai yake ɓoye ku.

Abin da ke ɓoye, kuma ya cancanci kariya, shi ne mutane: wa ke kwana a ina, su nawa ne. Don haka ku yi taswira biyu. Ta waje, mai hanyoyi da ruwa da wuraren haɗari, ita ake bayarwa. Ta ciki kuma tana hannun mutum biyu ko uku amintattu, ba a sa ta a intanet, ba a tura ta zauren WhatsApp. A cikinta ne za a nuna ɗakin tsohon da ba ya iya tafiya, makaho, mai jinya, inda almajirai ke kwana, da kimanin mutum nawa ke kwana a kowane layi. Wannan ƙidayar tana da muhimmanci ƙwarai. Da bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamban 2021, mutum sama da 40 suka rasu, ɗaya daga wahalhalun masu ceto shi ne sanin mutum nawa ke ciki. Kada a rubuta sunan kowa sai da yardarsa, akwai ma dokar kare bayanan mutane ta 2023 da ta tanadi haka. In kuma akwai rigimar fili a wurinku, ku ga lauya kafin ku miƙa wa kowa takarda, wannan ba fagena ba ne kuma ba zan ba ku tabbacin da ba ni da iko a kansa ba.

Ina so kuma ka gaya wa mutanenka iyakar abin, kada su ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Taswira ba ta yashe kwata, ba ta kawar da cunkoson titin Ikorodu, ba ta hana a saki ruwan Oyan. Gyaran magudana aikin injiniyoyi ne da hukuma, ko da yake zanen ruwan da kuka tara hujja ce mai ƙarfi in kun je neman a gyara. Kuma taswira tana tsufa da wuri a kasuwa. Lungun da yake buɗe bana, baɗi wani ya kafa kwantena a bakinsa. Ku ɗora wa mutum ɗaya alhakinta da sunansa, a zagaya sau biyu a shekara, da rani kafin ruwan farko, da kuma Oktoba lokacin da kogi ya cika. Sau ɗaya a shekara ku gwada da gaske: bayan sallar asuba a ce wuta ta tashi a layi kaza, a ga minti nawa za a ɗauka kafin a buɗe get, wani ya isa mahaɗa, jama'a su taru inda aka ce.

Wannan Juma'ar, bayan an sauko, ka nemi dattawa uku da suka fi kowa daɗewa a wurin, da mai ruwa ɗaya, da ɗanka da wayarsa a cike da caji, da ƙaramin gwangwanin fenti. Ku fara da bangon da ya fi kusa da kogi.